Biron Da Na Miƙa Wa Mutumin Rabah

A kamfanin jiragen sama da nake yi wa tuƙi, babu ruwan kowa da shekarunka ko furfurarka. Lamba ake dubawa. Ranar da aka ɗauke ka aiki ake ba ka ita, ta bi ka har ranar da za ka ajiye hula. Mai ƙaramar lamba shi ne babba: shi ke fara zaɓen jirgin da zai tuƙa, da garin da zai zauna, da ranakun da zai huta. Abin da ya bari shi ne rabon na bayansa. Tawa arba'in da biyu ce, kuma da hannuna na mayar da ita haka, don arba'in da ɗaya ta so zama.

Mu huɗu aka ɗauka rana guda. Ni na fara isa ofishin, tun mai shara bai gama ba, saboda ni ɗan manomin albasa ne daga Goronyo, kuma a gidanmu wanda rana ta fito ta same shi kwance sai ya sha baƙar magana har azahar. Akawu ya buɗe wani babban littafi, ya ɗora biro a kai, ya ce mu sa hannu. Na ɗauki biron ke nan sai na ji sallama a bayana, da harshe irin namu na Sakkwatawa. Na waiwaya na ga mutum wanda ya girme ni da kamar shekara tara, gemunsa ya fara fari. Muka gaisa, ya ce shi mutumin Rabah ne, ya daɗe yana koyar da tuƙi kafin ya zo nan. To ina ni ina sa hannu babba na tsaye? Na ja da baya, na miƙa masa biron da hannu biyu, na ce, "Yaya, bisimilla." Ya karɓa, ya rubuta sunansa, ya miƙo mini. Sai bayan mako biyu na ji cewa waɗanda aka ɗauka rana ɗaya, yadda suka sa hannu a littafin nan haka ake jera su. Dariya na yi a lokacin. Me lamba ɗaya za ta yi wa mutum?

Shekara goma sha ɗaya ba ta yi mini komai ba. Aka ajiye mu duka a Kano, muna tuƙa ƙananan jirage masu farfela, waɗanda in sun tashi ƙararsu kamar injin niƙa. Fasinja suna raina su, ni kuwa ina ƙaunarsu, don su ne ke zuwa Sakkwato. Jirgin Alhamis yakan sauka da hantsi, ya kwana can, ya tashi Juma'a da la'asar. Sauran matuƙa ba sa son wannan kwanan, sun ce zafi da zaman banza, saboda haka ba wanda ya taɓa yi mini takara a kansa. Lokacin ina mataimaki, a kujerar dama, in mun fara gangarowa nakan hango ruwan dam ɗin Goronyo yana ƙyalli can gefe. Da na zama kyaftin na koma kujerar hagu, sai na riƙa leƙe ta kan kafaɗar mataimakina, har suka saba suna jingina baya in mun iso wurin.

Ina sauka nake shiga mota. Mu bi ta Achida, mu wuce mararrabar Wurno, kafin azahar ina ƙofar gida. Baba yana nan inda na bar shi, a inuwar rudu, rumfar karan da muke adana albasa, yana kallon ƙanena yana juya ta yana tsame ruɓaɓɓu. Ƙafafunsa sun kumbura, ya daina zuwa fadama, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Bai taɓa shiga jirgi ba, kuma bai taɓa kirana matuƙi ba. Direba yake ce mini.

"Direba, ka zaka? Yau ma ba ka kaɗe kowa ba can sama?"

Aikina na Alhamis aski ne. Baba ya ɓata da wanzaminsa tun shekarun baya, a kan wata magana da shi kansa ya manta, kuma hannunsa yana rawa. Sai in cire rigar aiki, in jiƙa masa kai da ruwan ɗumi da sabulu, in ɗauko askarsa daga saman taga. A nan muke hira, don Baba ba ya iya yi wa ɗansa na fari magana ido cikin ido, sai in ina bayansa. Wata rana ina cikin askin ya ce:

"Kai da ka iya sauke ƙarhe daga sama ba ka hwasa shi ba, kai za ka sa ni rami. Ƙanenka hannunai ya saba da buhu, jehwa ni za ya yi."

Ƙanena ya yi dariya daga cikin rudu. Na ce, "Baba, ka bar wanga zance."

"Mi za ni bari? Na hwaɗa maka. Kai nika so."

Na ce to. Ban ɗauke shi alkawari mai nauyi ba, don a lokacin ko ba Alhamis ba, daga Kano zuwa gida tafiyar yini ce, kuma lambata ta isa in nemi hutu a ba ni.

Sai kamfani ya canja jirage. Saƙo ya shigo wa kowa a waya, doguwar takarda cike da kalmomin murna, wai mun ci gaba. Za a sayar da masu farfela duka, a kawo manyan jirage 'yan kaɗan, masu sauri, masu ɗibar mutane da yawa. Wurin gyaransu yana Legas, saboda haka yawancinsu can za su riƙa kwana. Kano, inda muke cike da ɗaki, kyaftin biyar kawai za a bari. Kowa ya cike takardar zaɓi cikin mako uku, ya rubuta garin da yake so, a raba bisa lamba. Na karanta sau uku ina neman inda aka ce za a duba mai tsoho a gida. Babu. Wanda ya rubuta takardar nan ko uba bai da shi, ko nasa yana bayan ofishinsa.

Na zauna da jerin sunaye da fensir, na yi ta kiran mutane ina bugun cikinsu. Cikin waɗanda ke gabana, huɗu sun riƙe Kano ba sakewa. Sauran 'yan Legas ne dama, ko masu ɗokin komawa can. Kujera ta biyar ta faɗo daidai kan arba'in da ɗaya. In mutumin Rabah ya rubuta Kano, tashi ce. In ya rubuta Legas, tawa ce. Ba wani na uku a tsakani.

Ba Legas ɗin nake tsoro ba. A can akwai tsofaffin lambobi da yawa, ni zan zama wutsiya. Wutsiya kuwa ita ke zaman jiran ko-ta-kwana, waya a hannu, ba ta da ikon cewa ga ranar da za ta huta, kuma da wuya ta sami kwana uku a jere. Daga Legas zuwa Goronyo sai ka hau jirgi, wani lokaci biyu, sannan mota, a hanyar da yanzu mai hankali ba ya bi in la'asar ta yi sanyi saboda 'yan bindiga. Gawa kuma a wurinmu ba ta jiran kowa.

Matata 'yar Wurno ce, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta same ni da fensir a baki ta ce, "Ka tahi ka hwaɗa mishi mana. Ka ce Baba ba shi da lahiya, ka tuna mishi kai kaf fara isowa. Baki na, ba wuƙa ba."

Na ce sai na ji ta bakin Baba. Ta dube ni ta ce ai shi ke nan, na kashe maganar.

Ta fi ni sanin surukinta. Alhamis ɗin nan, ina bayansa da aska, na warware masa komai: littafin, da biron, da lamba, da Legas. Ƙanena ya daina juya albasa yana saurare. Baba ya bar ni na kai ƙarshe. Sannan ya ce:

"Kai kab ba shi, ko ƙwacewa yay yi?"

"Ni nib ba shi."

"Da hannu nawa?"

"Biyu."

"To abin da kab ba babba da hannu biyu, da wane hannu za ka amsa? Na ukku gare ka? Ban haihi mai gori ba."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce ba don kaina nake yi ba, don shi ne, shi ya ɗora mini abin da ya ɗora mini. Ya ce to in don shi ne kada in yi. Bin na gaba bin Allah ne, in ji shi, kuma wanda ya yi daidai ba ya komawa ya warware don ya ga daidai ɗin ta yi tsada. Aska ta zame mini na yanke shi kaɗan a bayan kunne. Ya shafa, ya duba jinin a yatsansa, ya ce, "Direba ya kaɗe mutum yau." Ban yi dariya ba.

Duk da haka na je Rabah. Ranar wata Asabar ce da nake hutu, na san ya zo gida ganin gonarsa. Na ce wa kaina ba gori zan yi ba, ziyara ce, in magana ta kawo kanta shi ke nan. Ya tarbe ni kamar baƙon Makka. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo fura da nono mai kauri, ya sa aka kira ƙannensa suka gaishe ni. Ya yi ta ƙorafi a kan sababbin jiragen, wai da tsufansa za a mayar da shi makaranta ya koyi latsa allo. Na tambaye shi ina zai rubuta. Ya ɗaga kafaɗa ya ce Kano mana, ya saba.

Sai ya ce, "Ya jikin Baba?"

Na ce, "Da sauƙi."

Abin da ake cewa ke nan. Tun ina yaro ban taɓa jin an tambayi jikin mara lafiya an ba da wata amsa ba, ko da ana ɗiga masa ruwa da cokali. Bakina ya faɗa kafin in yi tunani. Ya ce alhamdu lillahi, Allah shi ƙara sauƙi, ya tura mini ƙwaryar furar.

Na sake gwadawa ta wata ƙofa. Na ce, "Yaya, ka tuna ranar da anka ɗauke mu?" Ya tuna. Ya tuna akawun da gilashinsa mai kauri, ya tuna ruwan da aka yi da yamma har motarsa ta maƙale. Ya yi ta dariya. Biro bai zo a bakinsa ba, kuma na ga a fuskarsa ba ɓoyewa yake yi ba, babu shi ne a kansa sam. Don me zai tuna? Ƙarami ya ba shi hanya, kamar yadda ƙanana suke ba shi hanya a ƙofar masallaci kullum. Maganar ta zo mini har baki. Na ji muryar Baba, na dubi furfurar mutumin nan da furar da na sha, na haɗiye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da zan tafi ya sa aka kama mini zabi biyu aka sa a bayan mota. Har na iso Sakkwato suna kuka, ni ina zagin kaina.

Sakamako ya fito yadda fensirina ya ce. Aka tura ni ƙasar waje mako shida koyon sabon jirgi, a cikin wani akwati da ke girgiza kamar jirgin gaske, sannan Legas. Na bar iyalina a Kano saboda makarantar yara, na kama ɗaki kusa da filin jirgi. Abin haushi, jirgin ya yi mini daɗi. Yana jin magana, ba ya wahalar da hannu. Na so in tsane shi ban iya ba.

Cikin wata bakwai sau uku na je gida, kowanne a tsaitsaye. Zuwan farko na tarar gashin Baba ya taru fari fat, ya hana kowa taɓawa. Na biyu ma haka. Na uku na tarar da kan a aske, da 'yan yanka biyu a ƙeya. Ya haƙura ya ba ƙanena. Wannan askin ya fi zagi yi mini ciwo. Ya rame ƙwarai. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Direba, kana dai hushi da ni." Na ce a'a. Ƙarya nake yi, kuma ya sani.

Ranar wata Alhamis aka kira ni da safe in maye gurbin wani kyaftin zuwa Fatakwal. Na kashe waya kamar yadda doka ta ce. Da muka sauka na kunna, na ga kiran ƙanena ya fi a ƙirga. Baba ya cika da hantsi, a inuwar rudu, yana cikin yi masa faɗa a kan albasar da ya bari ta tsiro. Na ce su jira ni zuwa gobe. Na san ba za a jira ba, na san bai kamata a jira ba, amma na faɗa, har na ɗaga wa ƙanena murya. Ya ce, "Yaya, liman ya ce bayan azahar." Na kira mai tsara aiki a Legas na zazzage masa abin da ba laifinsa ba. Ya bar ni na gama, ya ce ko yanzu ya sake ni babu jirgin da zai kai ni Sakkwato yau. Gaskiya ya faɗa. Ni na tuƙo jirgin na dawo da shi Legas, fasinja cike, kuma na sauke shi lafiya, ko girgiza bai yi ba. A daidai lokacin ake binne Baba.

Sai Juma'a da azahar na isa Goronyo. Bayan an lafa da gaisuwa na tambayi ƙanena wa ya shiga kabari tare da shi. Ya ce abokin aikina, mutumin Rabah. Shi ya kawo jirgin Alhamis Sakkwato, wanda dā nawa ne. Yana sauka ya ji labari a wurin ma'aikata, ya shiga mota da kayan aikinsa a jiki, ya iso ana jera sahu. A maƙabarta da aka ce 'ya'yan mamaci su shiga, ƙanena ya waiwaya bai ga ɗan'uwa ba, sai mutum sanye da riga irin tawa. Ya miƙa masa hannu. Shi kuma ya cire takalmi ya shiga. Bayan an dawo, ƙanena, wanda ba a yi masa hani ba kuma cikinsa ba ya riƙe magana, ya kwashe labarin biro duka ya gaya masa.

Mutumin Rabah ya dawo ranar sadakar uku. Da mutane suka ragu ya ja ni gefe, zuwa inuwar rudun nan, muka tsaya cikin warin albasa. Bai yi mini doguwar ta'aziyya ba.

"Ƙanenka ya hwaɗa min zancen biro. Wallahi ban tuna ba. Har yanzu ina ta nema cikin kaina ban gane shi ba." Ya dafa karan rudun. "Ni Kano ba ta dame ni ba. Ɗiyana biyu Legas suka aiki, uwarsu ta daɗe tana son mu koma can. Sabo ɗai yas sa nir rubuta Kano. Kaz zaka har gida, nit tambaye ka jikin Baba, kac ce da sauƙi. Mi yah hana ka magana?"

Na ce, "Baba yah hana."

Ya buɗe baki. Ina jin ya so ya ce wani abu a kan haka, ya tuna a gidan wa yake tsaye, ya fasa. Sai ya ce, "A hankali munka aje shi. Ni nir riƙe wajen kai."

Nan na yi kukan da ban yi ba tun Fatakwal. Ba godiya kaɗai ba ce, kada in yi wa kaina ƙarya. Akwai kishi a ciki, da haushi, kuma har yau ban gama sanin haushin wa nake ji ba. Kamfani ya sayar da jiragensa, hakkinsa ne. Mutumin Rabah ya karɓi abin da aka miƙa masa. Baba ya koya mini abin da ubansa ya koya masa, kuma in aka mayar da ni gaban littafin nan gobe, na san hannuna zai sake miƙa biron tun kafin in shawarce shi. Wanda ya rage shi ne wanda ya zauna a zauren Rabah da ƙwaryar fura a gabansa, aka buɗe masa ƙofa, ya ce da sauƙi. Matata ba ta taɓa cewa ai ta gaya mini ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da aka sake buɗe zaɓi bayan wata biyar, mutumin Rabah ya rubuta Legas, bai ko shawarce ni ba. Kujerar Kano ta gangaro kan arba'in da biyu. Mai tsara aiki ya kira ni yana yi mini murna, ya ce ya sa mini jirgin Alhamis, tunda ya ji ni ke son sa.

Na sauka Sakkwato da hantsi. Direban da ya saba ɗaukata ya hango ni ya taso da gudu, ya karɓi jakata, ya ce kwana biyu. Na shiga. Muka bi ta Achida, muka wuce mararrabar Wurno, kafin azahar ina ƙofar gida, a kan lokaci kamar yadda na saba. Ƙanena yana fadama. A inuwar rudu an jera buhuna inda tabarmar take. Na shiga ɗakin Baba na cire rigar aiki, na miƙa hannu saman taga. Askar tana nan, ta fara tsatsa. Na zauna da ita a bakin gado, da sauran yini guda da kwana a gabana, sai gobe da la'asar jirgi zai tashi.